Kawu Ina-Jinku da Jikar da Ba Ta Ji

Mahaifina ya yi shekara ashirin da shida yana yi wa gilashi tambaya. Sana'arsa ke nan in an taƙaita. Kullum ƙarfe biyar na yamma zai zauna a kan wata 'yar kujera a gidan talabijin, ya sa hannu cikin kwando ya ɗauko cokali, ko makulli, ko takalmi wari guda, ya ɗaga wa kyamara ya ce, "Yara, wannan mene ne?" Sai ya kai tafin hannu bayan kunne ya ce, "Ina jinku." Daga nan ya yi shiru. Abin da ya sa masa suna ke nan. Har yau in ya shiga motar haya akan samu wani mai furfura a gemu ya juyo ya ce, "Kai! Kawu Ina-Jinku?" Ni dai Baba nake ce masa, kuma ba don in yabe shi na zauna rubuta wannan ba. Saboda 'yata ne, wadda ta kai shekara uku da rabi ba ta amsa kira, ba ta kuma taɓa ce min Mama ba.

Tsigi muke ce mata, don 'yar mitsitsiya aka haife ta. Wayo kam har ya yi mata yawa: ta san inda nake ɓoye sukari, ta san yadda ake buɗe wayata ko da na canja lambobin. Amma ka tsaya a bayanta ka kira ta sau goma, ko gezau. Magana kuwa sai 'yan ƙananan gurnani da nuni da yatsa. Maƙwabciyata ta ce ɗan ƙanwarta sai da ya shekara huɗu bakinsa ya buɗe, yanzu roƙonsa ake ya yi shiru. Matar da ke rainon Tsigi da rana ta ce, "Maman Tsigi, 'yar nan taki ba ta ji ko kaɗan, kunnen ƙashi gare ta." Ni ma haka na ɗauka, don na san inda ta gado shi. Zan dawo kanta. Sai na fara da Baba, in ba haka ba ba za a gane abin da ya faru a falona ba.

Kafin talabijin, Baba malamin aji ɗaya ne a firamare. Wata rana wani jami'in gidan talabijin ya zo ɗaukar ɗansa, ya tsaya a bakin taga yana jiran a tashi. Ya ga malami ya yi tambaya, hannuwa sun tashi ko'ina ana "Ni, malam! Ni, malam!", shi kuwa ya harɗe hannu yana jiran wata yarinya mai in'ina a layin baya har ta fito da kalmarta. Mutumin ya ce, "Kai nake nema." Haka aka raba Baba da alli.

Shirun nasa ba na kame-kame ba ne, a ƙirge yake. Bakwai yake ƙirgawa, kuma da babban yatsan ƙafarsa yake yi a cikin takalmi, don kada a ga bakinsa na motsi. Duk takalmin da Baba ya taɓa mallaka, a saman yatsan dama yake fara hujewa. Mama takan ɗaga takalmin ta leƙo mu ta cikin hujin ta ce, "Ga albashin gidan talabijin nan." In an tambaye shi me ya sa bakwai, amsarsa ɗaya ce. Mai kaifin kai yana amsawa a biyu. Yawancin yara a huɗu. Mai kunya sai a shida. "Na bakwai ɗin kuwa ba na yaro ba ne, na uwarsa ne, wadda ke tsaye a baya, ta samu ta dungure shi ta ce, ka amsa mana, da kai ake."

A lokacin iyayen suna tsaye a bayan kuwa, ni shaida ce. Duk layinmu talabijin guda ce, ta mai shagon da ke kwanar layin, fari da baƙi, mai eriya irin wadda sai wani ya tsaya yana juya ta. Biyar saura kaɗan zai fito da ita ya ɗora kan tebur a ƙofar shago. Mu yara mu zube a ƙasa, iyaye mata su jeru a baya da goyo, kowace tana cewa ɗanta ta zo kira. Ba wadda ke tafiya. Da Baba ya ce "Ina jinku," sai layin gaba ɗaya ya ɗauka: "Cokali!" Har mai shagon, ƙato da shi, yana auna wa mutum shinkafa yana cewa cokali. Ni kaɗai ce ba na amsawa, saboda girman kai, kuma ai na san cokalin. Mama ma ta san shi. Daga bayana nakan ji ta ce, "Oho, ashe can ya tafi. Tun safe nake nemansa."

Abin da mutane ba su sani ba, Baba bai taɓa jin wannan ihun ba. Shirin kai tsaye ake yinsa. Yana can cikin wani ɗaki marar taga, da masu kyamara biyu, da fitilu masu zafi, an kashe fanka don kada ƙararta ta shiga. Ya ƙirga bakwai ɗinsa gumi na bin wuyansa, ya faɗaɗa murmushi ya ce, "Madalla, na ji ku!" Alhali ba abin da ya ji sai tarin mai kyamara. In ya dawo gida, tun bai cire takalmi ba zai tambayi Mama, "An amsa?" Ta ce, "An amsa har kaina ya yi ciwo." Ya gyaɗa kai irin na wanda bai gama yarda ba. Daga nan ya zauna a kujera, barci ya kwashe shi da safa a ƙafa.

Na daɗe ina jin haushin wannan, bari in faɗi gaskiya. Yaran gari duk suna da Kawu mai fara'a, ni kuma ina da wani mutum mai minshari a kujera. A gida ba ya tambaya. Ya tambayu a can, ya ƙare. A makaranta ana ce min na ji daɗi, wai a gidanmu kullum wasa ake. Ban taɓa gyara musu ba.

A hankali kowane gida ya yi tasa talabijin, mai launi. Mai shago ya daina fito da tebur. Gidan talabijin ya fara karɓar talla a tsakiyar shirin yara, alewa da madara da sabulu, aka kuma kawo sabon darakta, saurayi mai tabarau wanda da bakinsa ya ce da shirin Baba ya koyi ƙirge. Shi ne ya kira Baba ofis.

"Kawu, shirun nan naka yana kashe mu. Masu talla sun ce mutane ɗauka suke talabijin ta lalace."

"Ba shiru ba ne, yallaɓai. Yara ne suke amsawa."

"Wa ya gaya maka suna amsawa?"

Mama ce ta gaya wa Baba, kuma ita ma yanzu a falonta take kallo, da ni kaɗai, ni da ba na amsawa. Aka mayar da bakwai biyar. Bayan shekara biyu aka ce uku. Aka haɗa shi da wani ɗan tsana mai kunnen zomo da ke tsalle a kan kwando, don kada allo ya zauna ba motsi. Baba ya haƙura. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Dutsen kam na ga Baba ya ɗora, romon ne ban gani ba.

Wasiƙu ma suka canja. Da, uwa ce za ta rubuto ta ce ɗanta ya iya haruffa goma, ko ta yi gyara ta ce a gidansu ba haka ake kiran abu kaza ba. Baba yana tara su a cikin kwalin takalmi. Daga baya sai ga irin wannan: "Don Allah ku ƙara tsawon shirin, shi ne kaɗai lokacin da nake samu in yi wanki." Baba ya karanta mana ita a tsaye, ya ninke ya ce, "A malami aka ɗauke ni, yanzu na zama mai raino." Mama ta ce, "To laifinta ne? Wankin kai za ka yi mata?" Mama ce ke da gaskiya, amma sai da na haihu na sani.

Da tashoshin waje suka cika gari, masu zanen ban dariya daga safe har yamma, aka ɗauke shirin Baba daga ƙarfe biyar aka kai shi safiyar ƙarshen mako. Aka daina kai tsaye, sai a ɗauka a gyara a kwamfuta. Wata safiya muna zaune da shi, karo na farko da zai kalli kansa a gida, ya ga kansa ya ɗaga makulli ya ce, "Wannan mene ne? Ina jinku. Madalla, na ji ku!" duk a numfashi ɗaya. Sun yanke shirun kaf. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Sun mayar da ni mahaukaci. Ina tambaya ina ba kaina amsa." Bai yi faɗa da kowa ba. Ya ƙarasa shekarar ya ajiye aiki. Suka yi masa liyafa suka ba shi agogon bango, mutumin da ƙafarsa ta fi agogonsu daidai. Kwandon kuwa shi ya ɗauko abinsa da kansa, ba wanda ya tambaya.

Bara Mama ta rasu. Baba ya zauna shi kaɗai wata takwas, yana cin burodi da shayi safe da rana, har na gaji da jin labari na je na kwaso shi da kayansa. Kayan ba yawa: jaka biyu, agogon bango, da kwando. Hawa na uku muke, ɗaki biyu da falo. Na ba shi ɗakin Tsigi, ita ta dawo wurina.

Aikina amsa waya ne a wani kamfani. Takwas na safe zuwa biyar ina zaune da abu a kunne, mutane na zuba min ƙorafi, ni kuma ina cewa, "Ina jinka, yallaɓai. Ina jinki, ranki ya daɗe." Gado dai ba ƙarya ba ne. Bambancin, ni minti uku aka ba ni kan kowane mutum, in na wuce a kira ni ofis, don haka na ƙware wajen katse mutum cikin ladabi. In na dawo gida kunnena ya cika, ko ƙarar famfo ba na so. Baban Tsigi direban babbar mota ne, sai bayan mako biyu muke ganinsa. Yakan kira ta bidiyo, ya ɗaga mata hannu ta ɗaga masa, ya murguɗa baki ta yi dariya, ya ce, "Ai lafiyarta lau, rigima ce kawai irin ta uwarta."

Tsohuwar wayata na bar wa Tsigi. Na zuba mata shirye-shiryen yara masu koyarwa, ba shirme ba: launuka, lambobi, dabbobi, duk suna rawa suna walƙiya, wannan na ƙarewa wancan ya hau da kansa. Ta koyi abubuwa kuwa, don takan jera murafen roba ja da ja, shuɗi da shuɗi. In ta riƙe wayar nan sai in dafa abinci, in yi wanka, in zauna minti goma ba wanda ke son komai daga gare ni. Duk wanda bai taɓa riƙe yaro shi kaɗai bayan aikin awa tara ba, don Allah kada ya yi min wa'azi.

Baba bai yi min wa'azin ba. Da ya zo, sai na rage kai ta gidan raino, suke wuni tare. Ina dawowa in tarar da shi a kujera, ita a ƙasa da waya, yana kallonta kamar yadda ita take kallon wayar. Mako guda da zuwansa, ina yanka albasa, ya tsaya a ƙofar kicin ya ce min, "'Yar nan, yarinyar nan fa ba ta ji."

"Sai yau ka sani, Baba? Ai kowa ya gaji da ita."

Ya buɗe baki zai ƙara, mai ya fara ƙauri, na juya. Da na waiwayo ya koma kujerarsa.

Bayan kamar mako biyu ya sake, da safe, ina neman makullin ƙofa na makara. "Na ce yarinyar nan ba ta ji."

"Baba, na sani. In ta shiga makaranta za su gyara mata zama. Ka ga makullina?"

Yana hannun Tsigi. Na fizge, ta yi kuka, na fita.

Ranar da abin ya kai maƙura, daga kasuwa muke ni da ita. Na ajiye leda zan biya mai mota, ta zame daga hannuna ta nufi titi, wata balan-balan ta gani a tsallake. Na ƙwala mata kira. Na sake, har muryata ta dushe. Ko waiwaye. Mai babur ne ya kauce da ƙyar, ya tsaya ya wanke ni da zagi tas, kuma da gaskiyarsa. Na ɗauko ta, na hau benen nan hawa uku, ina shiga falo na sauke ta na zabga mata mari biyu a cinya. "In na kira ki ki amsa! Kina jina? Ki amsa!" Ta tsaya tana kallon bakina, hawaye na zuba, ba ta ko yi ƙoƙarin gudu ba.

Baba ya taso. Tunda nake ban taɓa ganin ya ɗaga murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya ɗauke ta ya rarrashe ta, ya zaunar da ita a tsakiyar falo, ya miƙa mata wayarta. Sannan ya nuna min kujera.

"Zauna."

"Baba, kayan miya na—"

"Zauna. Sau biyu ina miki magana kina katse ni. Yau ba zan yi magana ba, ke za ki yi."

Na zauna, raina a ɓace. Tsigi ta riga ta manta da mu. Wasu 'yan agwagi ne ke rawa a allon, tana kaɗa kai, hawayen ko bushewa bai yi ba har ta fara murmushi.

Baba ya ce, "Me kike ji?"

"Ban gane ba."

"Falon nan. Me kike ji a cikinsa?"

Ya kai hannu bayan kunne, wallahi, kamar ina 'yar shekara biyar. Na kusa tashi. Amma na saurara. Agogon bangon nan na ji, da firji, da wata mota a ƙasa. Sai can na gane abin da babu. Wayar ba ta ƙara. Agwagin na buɗe baki suna waƙa, ba sauti ko kaɗan.

"Tun ranar Litinin na kashe mata sautin," in ji Baba. "Yau kwana biyar. Ba ta nema ba. Yadda take dariya da sauti, haka take yi babu shi."

Ya shiga kicin ya ɗauko cokali da kofin gilashi, ya tsuguna a bayanta, dab da kunnenta, ya ƙwanƙwasa. Sau uku. Ni da ke nesa sai da haƙorana suka amsa. Tsigi ba ta motsa ba. Sai ya buga ƙafa da ƙarfi a ƙasa, ta juyo nan take ta yi masa dariya.

"Wannan a jikinta ta ji shi," ya ce. "Shi ya sa kuke cewa tana ji in ta ga dama."

Ban san lokacin da na sauko daga kujerar ba. Shatin yatsuna na nan a cinyarta, ja. Kowa ya faɗa min. Mai raino ta faɗa, maƙwabta sun faɗa, ni da bakina na faɗa ya fi sau ɗari: ba ta ji, ba ta ji. Duk muna nufin ta raina mutane. Kalmar tana bakinmu shekara biyu, ba wanda ya tsaya ya ji abin da yake faɗa. Kunya ce ta fara kama ni, sannan tsoro, sannan haushi, kuma da yake zuciyata a kusa take, a kan Baba na sauke.

"Me ya sa ba ka faɗa min a fili ba? Mako nawa kana kallona!"

"Da Hausa na yi miki."

"Ka ce kunnenta! Ka ce kurma ce! Ka ce wani abu!"

Ya sunkuyar da kai. "Ban tabbata ba, kuma kalmar ta yi min nauyi. Na ce bari in fara, in kin tsaya sai in ƙarasa. Ba ki tsaya ba, ni kuma na saba jira." Ya ɗago ya dube ni. "Jiran ya yi yawa. Wannan laifina ne."

Da ya yi gardama da na ji sauƙi.

A asibiti suka sa ta a wani ɗan ɗaki mai bango mai laushi, suka rufa mata abu a kunne. Baba ya duba ɗakin ya ce ya yi kama da wurin aikinsa, har rashin tagar. Likitar ta ce ba kurma ba ce gaba ɗaya; jin ne ya ragu sosai a kunne biyun, wataƙila tun wani zazzaɓi mai zafi da ta yi tana da shekara ɗaya da 'yan watanni. Na tuna zazzaɓin. Na tuna kuma bayan ta warke ne na fara ba ta waya, don ta yi rigima sosai lokacin. Likitar ta tambaya, ba da faɗa ba, "A gida ba ku lura ba ta juyowa?" Na ce tana kallon abubuwanta lafiya lau. Ta gyaɗa kai kamar ta saba jin haka.

Ba wayar ce ta toshe mata kunne ba, wannan na tambaya sau biyu. Amma a motar dawowa na yi ta juya abin a raina. Shekara biyu 'yata na gaban malamai masu rawa da waƙa, ba ɗaya da ya taɓa tambayarta wani abu ya tsaya. Ko da sun tsaya ma, ba kowa a bayanta da zai ga ba ta amsa ba, ina kicin. An ce gani ya kori ji, ban taɓa zaton a falona za a gwada ba. Baba na gefena da Tsigi a cinya tana barci har muka sauka.

Aka yi mata abin ji, 'yan ƙanana guda biyu da ake saƙalawa a bayan kunne. Ranar farko da na buɗe famfo ta fasa ihu ta ruga bayan Baba. Mako uku muna fama: ta cire, mu mayar, ta jefa a kwandon shara, mu tono. Babanta ya kira, na gaya masa ya daina murguɗa baki ya yi magana, sai ya yi ta kiran sunanta yana share ido. Ana kai ta wurin mai koyar da magana sau biyu a mako, Baba ke kai ta, don ni ba a ba ni izini a wurin aiki. An ce mana za ta yi magana, amma ba wanda ya ce ga rana. Wayar ma ban ƙwace ba. Na rage dai, kuma yanzu da sauti.

Wata ranar Asabar da yamma na ɗora shinkafa na fito falo, na tarar Baba ya jawo kwandon nan daga ƙarƙashin gado. Ya zauna a ƙasa da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya zaunar da Tsigi a gabansa. Kwana da kwanaki ashe suna yi in ba na nan, yana nuna mata abu yana faɗin sunansa, ita tana kallon bakinsa. Ranar dai ya ce tambaya zai yi. Na tsaya a bayanta, na jingina da bango.

Ya sa hannu ya ɗauko cokali. Na gane shi, na Mama ne, mai lanƙwasasshen wuya. Ashe bai taɓa mayar mata ba.

"Tsigi, wannan mene ne?"

Ya kai hannu bayan kunne. "Ina jinki."

Ba takalmi a ƙafarsa, don haka karo na farko a rayuwata na ga yatsan nan yana aiki. Ɗaya. Biyu. Tsigi na kallon cokalin. Uku. Huɗu. Bakina ya buɗe da kansa zan ce mata "co", Baba ya ɗaga min ɗan yatsa ba tare da ya dube ni ba, na haɗiye. Biyar. Shida. Ta sosa abin kunnenta, ta dubi taga. Bakwai.

Na ce a raina shi ke nan, sai gobe. Amma murmushin nan na talabijin bai zo ba, yatsan kuma bai tsaya ba. Takwas. Tara. Na durƙusa a bayanta, na ɗan dungure ta a kafaɗa, na sa bakina kusa da kunnenta na ce, "Ki amsa mana. Da ke ake."

Ta juyo ta dube ni. Kirana ta juyo wa, ba bugun ƙafa ba. Sannan ta mayar da kai wurin kakanta, ta nuna da yatsa, ta ce da wata murya mai kauri da ban san tana da ita ba, "Kali."

Baba ya sauke hannunsa daga kunne a hankali. Na jira "Madalla, na ji ku," wadda ya faɗa wa gilashi shekara ashirin da shida. Ba ta fito ba. Leɓensa ya yi ta motsi, can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Na ji."

Ya dube ni, idonsa ya kaɗa. "'Yar nan, an amsa?"

"An amsa, Baba."

Ya goge fuska da hannun riga, ya ajiye cokalin a gefe, ya sake sa hannu cikin kwandon yana lalube. Daga kicin na jiyo ƙaurin shinkafa ta fara kamawa. Na gyara zama a bayan Tsigi.